Aron Adireshi

A Jamus wasiƙa ba lambar ɗaki take nema ba, sunan mutum take nema. Yawancin gidajen haya na Berlin benaye ne masu hawa huɗu ko biyar, kuma da ka shiga ƙofar gidan za ka tarar da jerin akwatunan ƙarfe, kowanne da sunan mai shi a liƙe. Idan ma'aikacin gidan waya ya zo bai ga sunanka ba, wasiƙar komawa take yi inda ta fito. Abin kamar wasa, amma rayuwar mutum gaba ɗaya ta wannan akwati take bi, domin hukuma a ƙasar nan da takarda take magana. Lambar haraji ta akwati take zuwa, katin inshorar lafiya ta akwati, katin banki ta akwati, sammacin kotu ma ta nan.

Doka ta ce duk wanda ya tare a gida ya je ofishin unguwa ya yi rajistar adireshinsa cikin kwana 14. Jamusawa suna kiran wannan rajista Anmeldung, kuma ita ce kalmar Jamusanci ta farko da yawancinmu muka iya, tun ba mu iya gaisuwa ba. Daga watan Nuwamban 2015 ba a karɓar ta sai da takardar da wanda ya ba ka gidan ya sa wa hannu, yana shaida cewa lallai ka tare. To ga inda gizo ke saƙa. Mai gidan haya a Berlin ba ya sauraron ka sai ya ga takardun albashi na 'yan watanni da shaidar cewa ba ka da tarihin taurin bashi. Albashi ba ya tafiya daidai sai ka kai wa wurin aiki lambar haraji, in ba haka ba a yanke ka a mataki mafi tsanani. Lambar haraji ba ta zuwa sai ka yi rajista, rajista kuwa sai da gida. Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan kiki-kaka: manhaja biyu, kowace ta riƙe abin da ɗayar ke buƙata tana jiran a sakar mata, haka za su tsaya har sai wani daga waje ya sa hannu. A kwamfuta kashe ɗaya ake yi a sake tayar da ita. Shi ɗan Adam ba a yi masa haka.

Daga nan roƙon yake fitowa. Yakan zo bayan sallar Juma'a, ko ta saƙon murya a WhatsApp bayan doguwar gaisuwa da tambayar iyali. "Yaya, don Allah wata alfarma nake nema. A ba ni aron adireshi. Wallahi ba zan kwana muku ba, ba zan dame ku ba. Sunana kawai za a liƙa a akwati, in wasiƙa ta zo na zo na karɓa." Duk wanda ya shekara biyu a birnin nan yana da haya da sunansa ya taɓa jin wannan magana, kuma duk wanda ya ji ta ya san shirun da ke biyo baya.

Su wane ne ake roƙo? Galibi irinmu ne, waɗanda suka shigo ta filin jirgin sama da digiri a jaka da takardar ɗaukar aiki a hannu. Jamus ta fara bayar da shuɗin katin Tarayyar Turai a watan Agustan 2012, katin zama na masu digiri da albashinsu ya kai wani adadi. Mai riƙe da shi yana iya samun izinin zama na dindindin bayan wata 27, ko wata 21 idan Jamusancinsa ya yi ƙwari. Turawa har suna na daban suke da shi ga irinmu, wai ekspat, sunan da ba a kiran mai wanke kwanuka a bayan gidan abinci da shi ko da ya riga mu zuwa da shekara goma. A Hausa dai ba mu da wannan bambanci, dukkanmu 'yan ci-rani ne.

Katin nan ya fi fasfonmu na gida tasiri. Mutum ya tashi aiki ranar Juma'a ya hau jirgin ƙasa, awa huɗu da 'yan mintuna yana Prague. Awa ɗaya ta kai shi bakin iyakar Polan. Tun watan Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa, amma mu abin bai wuce minti ɗaya ba: a tambaya, mu zaro kati, a duba, a miƙo mana. In hutu ya zo mu sayi tikitin Abuja ko Yamai, mu yi Sallah a gida, mu dawo da kuka da daddawa da yaji da kilishin da muke fatan ba za a buɗe jaka a gani ba.

Wata biyu kacal bayan fara bayar da wancan kati, a Oktoban 2012, aka kafa tantuna a dandalin Oranienplatz na unguwar Kreuzberg, kuma ba a tashe su ba sai Afrilun 2014. Da yawa daga waɗanda suka yi hunturu biyu a cikin tantunan nan mutanen Afirka ta Yamma da Chadi da Sudan ne da suke aikin gini da walda da kanikanci a Libiya, har yaƙin 2011 ya tura su cikin kwale-kwale zuwa tsibirin Lampedusa. Italiya ta ba su takardun jinƙai, sannan ta rufe sansanoninsu a farkon 2013. Takardar Italiya tana ba mutum damar ziyartar Jamus na kwana 90, amma ba ta ba shi damar aiki. Akwai kuma masu riƙe da wata takarda da ake kira Duldung, wadda ba izinin zama ba ce, ma'anarta kawai an jingine korar mutum zuwa wani lokaci. Ranar da mai ita ya ƙetare iyaka, ranar takardar ta mutu. Sai a yi wa mutum rasuwar mahaifiya a Tawa ko Kumasi, ya yi zaman makoki ta waya a ɗakin da suke kwana su huɗu.

Ba duk mai neman aron adireshi ne yake cikin wannan hali ba. Da yawa ɗalibai ne ko sababbin ma'aikata masu cikakkiyar biza, sun sami ɗaki a hannun wani ɗan haya da bai gaya wa mai gida ba, don haka ya ce musu ban da rajista. Wasu kuwa takardarsu ta ɗaure su da wani ƙaramin gari da babu aiki, su kuma a Berlin suke neman abinci. Dukkansu muna haɗuwa da su a sahu ɗaya, a shagon naman halal na titin Sonnenallee, a shagunan kayan miya na unguwar Wedding. Hausa ɗaya muke ji, tuwo ɗaya muke marmari.

Idan maganar ta taso a cikinmu, amsa biyu ake ji, kuma kowace da hujjarta mai nauyi.

Masu amsa ta farko cewa suke amana ce. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun yi bayanin hukuncin Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba bisa aminci, cewa bai halatta ya ha'ince su ba, kuma malamai da yawa na wannan zamani suna ɗaukar biza a matsayin irin wannan alkawari. Ka cika takarda, ka sa hannu, aka buɗe maka ƙofa. Takardar da za ka sa wa hannu don ɗan'uwanka kuwa cewa take yi wane ya tare a gidana ranar kaza, alhali bai tare ba. Ko da wane suna aka kira ta, shaidar zur ce. Dokar rajista ta tanadi tarar da za ta iya kai yuro 50,000 ga wanda ya ba da adireshi don rajistar bogi, kuma mai neman zama ɗan ƙasa ba ya son wani tabo a fayil ɗinsa.

Amma hujjarsu mafi ƙarfi ba tsoron tara ba ce. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Berlin ba su da shingen shiga. Ka sauka tasha, ka shiga jirgi, babu mai tambayar ka komai, sai jefi-jefi masu duba tikiti su shigo, wanda aka kama ya biya yuro 60. Tsarin yana tafiya ne saboda mafi yawan mutane suna sayen tikiti ko da babu mai gani. Haka rajistar take. Da ita ake lissafin mazauna unguwa, da ita ake raba wa yara makarantun firamare, da ita ake aika takardun zaɓe. Ma'aikaciyar ofis ba ta biyo ka gida ta leƙa ko akwai katifa, ta yarda da sa hannunka. Wannan yarda tana cikin abubuwan da suka sa ƙasar ta yi mana daɗin zama, kuma mun san yadda rayuwa take a inda takarda ba ta da daraja, inda kowace shaida sai an nemo wata shaidar da za ta tabbatar da ita. Wanda ya gudo daga wancan hali, in ji su, bai kamata ya zo yana shuka irinsa a nan ba. Kuma ranar da asiri ya tonu ba sunan mutum ɗaya za a kira ba, za a ce 'yan Afirka ne, mai neman haya na gobe ya biya bashin da bai ci ba.

Masu amsa ta biyu cewa suke zumunci ne, kuma ɗan'uwa rabin jiki. Suna tambaya: wane aikin kirki muka yi da ya sa aka haife mu a gidan da aka iya biyan kuɗin jami'a? Yaron da ya bi ta Agadas ya ƙetare sahara a bayan mota ba ƙwazo muka fi shi ba, in ma ƙwazo ne ya fi mu. Katin da ke aljihunmu shaida ce ta cewa kasuwar aikin Jamus tana buƙatar abin da muka karanta, ba shaidar kyawun hali ba ce. Idan dokar da kanta ta ƙulla kiki-kakar da babu mafita, wanda ya kwance ta da ɗan suna a jikin akwati wa ya zalunta? Sukan kuma tuna mana cewa mu ma mun san ɗacin wannan abu daga ɓangarorin biyu. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, zangogi suka watse, mutanen da aka haifa a can suka kwashi kaya zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori sama da mutum miliyan ɗaya daga Najeriya, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Chadi da sauransu. Duka biyun bisa doka aka yi su. Waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu ko suka riƙe musu kaya a lokacin, yau ba wanda ke kiran su maciya amana.

Abin dariya shi ne duka ɓangarorin biyu za su iya jingina da mutum ɗaya. Immanuel Kant, masanin falsafar Jamus wanda ya yi kusan duk rayuwarsa a garinsu Königsberg ba tare da ya yi wata doguwar tafiya ba, ya yi rubutu a 1795 kan haƙƙin baƙo. A ganinsa tunda duniya dunƙulalliya ce mai iyaka, asali babu wanda ya fi wani haƙƙin kasancewa a wani wuri, don haka ba a karɓar baƙo da gaba, kuma ba a mayar da shi idan mayarwar za ta halaka shi. Shi ɗin ne kuma bayan shekara biyu ya dage cewa ƙarya ba ta halatta ko ga mai kisan kai da ya zo ƙofarka yana tambayar inda abokinka ya ɓuya. Kowa sai ya ɗauki rabin da ya yi masa.

A ganinmu akwai abin da amsoshin biyu suka yi tarayya a kai, kuma ba a cika faɗinsa ba. Kafin mu zo gare shi sai mun koma baya kaɗan, domin Bahaushe ba yau ya fara zama a garin wasu ba.

Fataken da suka bi hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga a ƙasar Gonja, da waɗanda suka kafa zango a Kumasi da Akara, da waɗanda suka zauna a Sabo ta Ibadan da aka keɓe musu a 1916, duk sun dogara ne da mutum ɗaya: mai masauki. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya rubuta yadda abin ke gudana. Mai shanu ya taso daga Arewa ya sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalai, ya ci la'adarsa. Shanun kuwa bashi ake sayar wa mahauta Yarabawa, kuma maigida ne ya san wane ne ke biya, wane ne ba ya biya. Baƙo ya yarda da shi, 'yan gari sun yarda da shi. Duk jarinsa wannan yarda ce ta fuska biyu. Da zai yi wa baƙo ƙarya, ayari na gaba ba zai sauka gidansa ba. Da zai yi wa 'yan gari ƙarya, shi da unguwarsa ne za su kwana a ciki.

Wato a wancan tsari amana da zumunci ba kishiyoyi ba ne, mutum ɗaya ne yake ɗauke da su, kuma abin da ya ba shi damar ɗaukar su tare shi ne baƙon da gaske a gidansa yake kwana. Idan maigida ya ce wane baƙona ne, maganarsa gaskiya ce, tabarmar mutumin tana nan a shimfiɗe.

To mu duba halinmu na yau da wannan ido. Wanda ya ce doka ta hana, ya yi haƙuri, ya rufe waya, bai rasa komai ba, ga shi kuma yana jin kansa mai riƙon amana. Wanda ya ce ba komai ɗan'uwa, ya sa hannu, ya liƙa suna a akwati, shi ma bai rasa komai ba sai ɗan tsoron da ba lallai ya tabbata ba, ga shi kuma yana jin kansa mai zumunci. Dukkansu biyun ƙofarsu a rufe take. Dukkansu za su kwana a falonsu babu takalmin wani a bakin ƙofa, babu mai jiran banɗaki da safe. Shi kansa mai roƙon ya san haka, shi ya sa yake fara rantsuwa cewa ba zai kwana ba. Ya riga ya gane abin da ya fi mana tsada, sai ya cire shi daga cikin roƙon tun kafin mu buɗe baki.

Alhali akwai hanya ta uku, kuma a cikin dokar take. Baƙo na 'yan makonni ba ya buƙatar izinin kowa. Idan zaman zai yi tsawo, dokar haya ta Jamus ta ba ɗan haya damar neman izinin mai gida ya saka wani a wani ɓangare na gidan idan yana da dalili karɓaɓɓe, kuma mai gida ba ya ƙi sai da nasa dalilin, kamar cunkoso. Idan mutumin ya tare da gaske, ɗan hayar da kansa ne yake sa hannu a takardar shaida. Rajistar ta zama gaskiya, lambar haraji ta zo, albashi ya daidaita, bayan wata uku ko huɗu yana da takardun da zai nuna wa wani mai gida. Babu wanda aka yi wa ƙarya. Kuɗinta shi ne wasiƙa zuwa ga mai gida, da jiran amsa, da wata huɗu na rayuwa da mutumin da wataƙila ba ya wanke tukunya, yana waya da ƙarfi da tsakar dare, ko bai san cewa a nan ana raba shara gida huɗu ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Wannan shi ne abin da zumuncin yake ci a gaskiya, kuma wanda bai shirya biya ba gara ya faɗa a fili cewa ba zai iya ba, da ya fake da doka ko ya fake da sa hannu.

Wannan bai warware komai da komai ba. Ga ɗalibi da sabon ma'aikaci ya wadatar. Ga mutumin da ba shi da takarda kwata-kwata babu wata rajista ta gaskiya da za a yi masa, domin zuwansa ofis ɗin shi ne tona kansa. A nan ne tambayar take da zafi, kuma a nan akwai abin dubawa a wurin Jamusawa su kansu. A 1983, shekarar da Najeriya ke korar baƙi, wani matashi ɗan Turkiyya mai neman mafaka ya faɗo daga tagar kotu a Berlin ya mutu saboda tsoron a mayar da shi. A cikin wannan shekara wata coci a Kreuzberg ta buɗe ƙofarta ga iyalan Falasɗinawa da ake shirin kora, kuma daga nan al'adar mafakar coci ta yaɗu a ƙasar. Abin lura shi ne ba a ɓoye suke yi ba. Ikilisiya tana sanar da hukuma cewa wane yana wurinmu, ga adireshi, ga dalilan da suka sa muke ganin a sake duba maganarsa. Suna saɓa wa hukuma fuska da fuska, suna ɗaukar abin da zai biyo baya, amma ba su gurɓata takarda ba. Haka kuma akwai likitocin sa-kai da ke duba marasa takardu, kuma tun 2011 aka ɗauke wa makarantu wajibcin kai rahoton yaran da iyayensu ba su da izinin zama. Ƙasar da kanta ta bar 'yan ƙofofi, sai dai wanda bai iya harshen ba bai san da su ba. Mu mun iya karanta wasiƙar hukuma, mun san yadda ake neman lauya, muna iya ɗaukar hutun rabin yini mu raka mutum. Faranti na abinci da gaisuwa ta mutunci kuwa ba su taɓa buƙatar izinin wani ofis ba.

Akwai masu cewa duk wani taimako kira ne ga na gida su taso, su faɗa hannun masu safara, su mutu a teku. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba katifar da aka shimfiɗa wa wani a falo ce take janyo yara ba. Hotunan da muke ɗorawa a Facebook a gaban tsofaffin gine-gine sun fi ta kira nesa ba kusa ba, tunda babu mai ɗaukar hoton duhun da ke rufe gari kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, ko layin mutum hamsin a kan matakala ana jiran duba ɗaki ɗaya.

Sai kuma wata gaskiyar da masu yabon zango sukan tsallake. Maigidan Sabo yana da zaure da shagunan waje, wasu ma gidaje na musamman suke da su don baƙi. Baƙo zai yi wata guda bai taɓa ganin tsakar gida ba. Gidan Bahaushe an gina shi ne yadda za a karɓi baƙo ba tare da an takura matan gida ba. Gidan haya na Berlin mai ɗaki biyu ba shi da zaure. Ƙofa ɗaya, banɗaki ɗaya, kicin ɗaya. Idan magidanci ya ce wa wani taho ka zauna, uwargida ce za ta yini da hijabi a cikin ɗakinta, ita ce tukunyarta za ta ƙaru, alhali ita ma wataƙila aiki take zuwa ko makarantar koyon harshe, ga yara, ga babu 'yan'uwa kusa. Kyautar da mutum zai yi da jin daɗin wani ba tasa ba ce, don haka in ta ce a'a, a'arta hujja ce cikakkiya, ba rowa ba. Gwauraye da masu ɗaki uku sun fi kowa ikon buɗe ƙofa. Matan da suka zo karatu ko aiki su kaɗai kuwa sun fi kowa wahalar samun inda za su sauka, domin mafi yawan masu hayar da za a roƙa maza ne.

Shi ya sa duk lokacin da aka zauna, shawarar da ke dawowa ita ce a yi zaure na tarayya. Ba sabon abu ba ne a wurinmu haɗa kuɗi. Idan aka yi rasuwa, kafin kwana biyu an tara abin da za a yi jana'iza a sashen Musulmi na maƙabartar Gatow ko a kai gawa gida, kuma ba a tambayar wace takarda mamacin yake riƙe da ita. Lissafin ɗakin ma ba shi da wuya: mutum ashirin, kowa yuro 30 a wata, yuro 600 ke nan, a nemi ɗaki a bayan gari inda haya ta fi sauƙi, a gaya wa mai gida tun farko abin da za a yi da shi. Sabon zuwa ya sauka wata uku, ya yi rajista ta gaskiya, ya sami nasa, ya ba na baya wuri, in ya tsaya da ƙafarsa shi ma ya shiga cikin masu biya.

Kuɗin ba su ne ke tsayar da maganar ba, hannu ashirin sukan ɗagu nan take. Inda ake yin shiru shi ne wurin yarjejeniyar haya. Ko dai a yi wa ƙungiya rajista a kotu, abin da ke buƙatar aƙalla mutum bakwai da rubutaccen tsarin mulki da shugabannin da za a rubuta sunayensu, ko kuma mutum ɗaya ya sa sunansa, ya ajiye kuɗin jingina da za su iya kai hayar wata uku, ya zama shi mai gida zai kira idan maƙwabta sun yi ƙorafin hayaniya ko famfo ya fashe ranar Lahadi. A zaman da aka yi na ƙarshe an kai ga mutum biyar cikin bakwai ɗin, aka ɗage sauran magana zuwa bayan Sallah.